Na tuba, amma fushin nan ya ƙi tuba

Mai Neman Sani

Salamar Ubangiji gare ku, 'yan'uwa. Na ɓoye sunana ne saboda abin da zan faɗa ko fastonmu bai taɓa jin sa daga bakina ba. Ku yi haƙuri, maganar tana da ɗan tsawo.

Tun ina saurayi na karɓi Almasihu, aka yi mini baftisma. Abubuwan da aka san ni da su a da, shan giya da bin mata, Allah ya raba ni da su, rabuwa ta gaske. Yau ko warin giya ba na son ji. Don haka in an ce wa ke da shaida a wurin sujada, ina da abin tashi in faɗa, jama'a su ce halleluya. Ina da mata da 'ya'ya, ina kuma koya wa matasa Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi. Duk wanda ka tambaya a ikilisiyarmu zai ce maka ni mutum ne mai sanyin hali.

Matata ba za ta ce haka ba.

Ciwona fushi ne, da bakin da ke biyo bayansa. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, wannan kam ban taɓa ba. Amma na san inda magana za ta soki mutum, can kuma nake aika ta. Abin da ke tayar da shi bai taka kara ya karya ba: an ɗauke mabuɗi daga inda na ajiye, yaro ya zubar da ruwa a kan takarduna, ko ta kawo zancen kuɗin makaranta ina shigowa a gajiye. Sai in ji wani zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa maƙogwaro. Ga abin da ya fi ba ni tsoro: a wannan lokacin ina cikin hankalina. Ina jin wani abu a raina yana cewa, kama bakinka, fita waje. Sarai nake jin sa. Sai in ture shi in faɗi abin da na ga dama, in tono laifin da aka daɗe da binnewa, in haɗa har da iyayenta. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, a daidai lokacin da maganar ke fita, daɗi take yi mini. Wannan daɗin ne na fi ƙi a cikin duk halina.

Daga baya sai da-na-sani. In kasa addu'a, in kasa buɗe Littafi. Sai in shiga ɗaki in yi kuka gaban Allah, in ɗauki azumi, in yi alkawari. A samu zaman lafiya na ɗan lokaci, har in fara cewa to, wannan karon an gama. Sai wani abu ƙanƙani ya gitta, a koma gidan jiya.

Akwai na biyu, wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Wani ɗan'uwa da muka fara koyarwa tare aka zaɓa dattijo, ni ba a zaɓe ni ba. Na rungume shi, na taya shi murna, na yi masa addu'a a gaban jama'a. Da labari ya zo cewa ɗansa ya jawo masa abin kunya, bakina ya ce Allah ya kyauta, amma can ƙasan zuciyata sai na ji wani sanyi. Na tsorata da kaina.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru shi ne babban ɗana. Da zarar muryata ta fara hawa, sai ya tattara ƙannensa ya shige da su ɗaki ya ja ƙofa. Ba wanda ya koya masa. Kwanan baya kuma na ji shi yana yi wa ƙanwarsa faɗa, da muryata, da kalmomina, ba wadda ya rage.

To ga tambayata. Bulus ya ce duk wanda ke cikin Almasihu sabuwar halitta ne, tsohon al'amari ya wuce (2 Korintiyawa 5:17). Yohanna ya ce wanda aka haifa daga wurin Allah ba ya yin zunubi (1 Yohanna 3:9). Romawa 6:14 ta ce zunubi ba zai mallake mu ba. In haka ne, ni mene ne? Iyakar wurin da nake ganin kaina shi ne Romawa 7, inda mutumin ke cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake yi. Amma wani ya taɓa ce mini wannan sura ba ta mai bi ba ce, ta wanda bai riga ya tuba ba ce. In gaskiya ne, ke nan duk shekarun nan yaudarar kaina nake yi? In daina cin jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke tarayya da su don tunawa da mutuwar Yesu? In ajiye koyarwa? Ba lallashi nake nema ba, gaskiya nake so ku gaya mini.

Sojan Addu'a

Ɗan'uwa, kada ka tsaya wani dogon nazari. Wannan ba halinka ba ne, ruhu ne. Kai da bakinka ka ce kana jin wani abu yana taso maka, kana so ka tsaya ka kasa. Mene ne wannan in ba ɗauri ba? Ka bincika gidanku. Mahaifinka haka yake? Kakanka fa? In ka ga abin yana bin jini, to ka san ƙofa ce aka buɗe tun kafin a haife ka, ga shi har ya fara taɓa ɗanka. Yesu ya ce akwai irin da ba ya fita sai da addu'a (Markus 9:29). Ka nemi bayin Allah masu baiwar 'yantarwa su ɗora maka hannu, ka tsawata wa ruhun fushi cikin sunan Yesu, ka yanke shi daga zuriyarka. Ni na ga waɗanda aka yi wa haka suka sami 'yanci a rana ɗaya. Ina sa ka cikin addu'a daren nan.

Tsohon Malami

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Rubuta irin wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in fara da ɗan'uwanmu Sojan Addu'a. Addu'arsa muna so, kuma ban musa cewa Iblis yana samun ƙofa ta wurin fushi ba, Afisawa 4:26-27 ta faɗa. Amma ka duba inda Yesu ya ce waɗannan abubuwa suke fitowa. A Markus 7:21-23 ya lissafa hassada da ɓata suna da girmankai, ya ce daga ciki suke, daga zuciyar mutum. Yakubu ya tambaya daga ina faɗace-faɗacenku suke, ya amsa da kansa: daga sha'awace-sha'awacen da ke yaƙi a cikinku. Da Bulus ya sa fushi da kishi cikin ayyukan halin mutuntaka a Galatiyawa 5, bai ce a je a fitar da su ba, cewa ya yi a yi tafiya cikin Ruhu. Tsorona da koyarwar "ruhun fushi" shi ne, na ga mutanen da aka ɗora wa hannu suka faɗi suka tashi, ba a jima ba abin ya dawo, sai suka yanke cewa ko dai Allah ya ƙi su, ko aljaninsu ya fi ƙarfin sunan Yesu. Ga shi kuma tana sauke laifin daga wuyan mai shi. Aljani kora ake yi masa. Kai kuwa tuba ake nema daga gare ka.

Yanzu ga tambayarka. Yohannan da ya rubuta 3:9 shi ne ya rubuta 1:8 a cikin wasiƙa ɗaya: in mun ce ba mu da zunubi, ruɗin kanmu muke yi. Ya kuwa haɗa har da kansa, yana manzo. A farkon sura ta 2 ya ce yana rubutawa ne don kada mu yi zunubi, amma in wani ya yi, muna da mai tsaya mana a wurin Uba. Mutum ba zai ƙaryata kansa tsakanin shafi biyu ba. Abin da 3:9 ta ce ba ya yiwuwa shi ne ɗan Allah ya zauna lafiya da zunubi, su saba, ya daina jin komai. Ku kuwa ba lafiya kuke zaune ba.

Galatiyawa 5:17, inda aka ce halin mutuntaka da Ruhu suna gāba da juna har mutum ya kasa yin abin da yake so, ga masu bi aka rubuta ta, waɗanda suka riga suka karɓi Ruhu. Dubi Bitrus. Bayan Fentikos, bayan wa'azin da mutum wajen 3,000 suka tuba, bayan wahayin da ya kai shi gidan Karniliyus, tsoron mutane ya sake kama shi a Antakiya, ya janye daga cin abinci da al'ummai, har Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Tsoron nan shi ne dai wanda ya sa ya yi musun Ubangijinsa a gaban wata baranya. Musa, wanda aka ce ya fi kowa tawali'u a duniya, a tsufansa ya fusata a Meriba, ya yi magana da garaje, ya bugi dutsen, abin ya hana shi shiga ƙasar alkawari.

Ikilisiya ta daɗe da yin wannan gardama. A farkon ƙarni na 5 wani malami ɗan Birtaniya, Felajiyus, ya ga yadda Kiristocin Roma suka yi sakaci, ya ce mutum na da ikon zama ba zunubi in ya ƙudura. Ni ban ɗauka niyyarsa mummuna ce ba, sakacin ne ya ishe shi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ja da shi. Da bishop-bishop na Afirka suka taru a Kartaj a shekarar 418, ɗaya daga cikin abubuwan da suka kafa hujja da shi shi ne Addu'ar Ubangiji: tsarkaka ma in sun ce a gafarta mana laifofinmu, da gaske suke faɗa, don kansu, ba tawali'un baki ba ne. Ka tsaya a kan wannan. Addu'ar da Yesu ya ba almajiransa, roƙon gafara na cikinta daf da roƙon abincin yini. Wanda yake tsammanin za a gama da zunubi rana ɗaya ba zai tsara ta haka ba.

Shi kansa Agustin da farko ya ɗauka Romawa 7 ta mutumin da bai sami alheri ba ce. Daga baya ya sauya, ya kuma rubuta a fili cewa ya sauya. Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, lokacin da yake koyar da Romawa a Wittenberg a 1515 zuwa 1516, ya ce mai bi mai adalci ne a gaban Allah saboda Almasihu, mai zunubi ne kuma a kansa, duka a lokaci guda. Ka'idodin bangaskiyar Anglikan na 1571 sun ce gurɓatar hali tana nan har cikin waɗanda aka sake haifa. Katolika a majalisar Trent a 1546 sun ce karkata zuwa zunubi tana saura bayan baftisma, an bar ta domin a yi kokawa da ita, ko da yake su ba sa kiran ta zunubi sai mutum ya amince mata. Waɗannan mutane sun yi rigima a kan abubuwa da yawa, amma ba wanda ya ce yaƙin yana ƙarewa a ruwan baftisma.

Mukan ce an kashe maciji ba a sare kai ba. A nan akasin haka ne: an sare kan a gicciye, amma duk wanda ya taɓa kashe maciji ya san jikin yakan daɗe yana murɗe-murɗe, har wanda bai sani ba ya ce da ransa.

Ka tambayi kanka abu ɗaya. Lokacin da kake shan giya, ka taɓa tsorata da kanka don ka ji daɗin faɗuwar wani? Na tabbata ko lura ba ka yi. Muryar nan da ke ce maka kama bakinka, ba halin mutuntaka ba ne ke yin ta.

Amma kada ka ɗauki wannan ka je ka kwanta. Romawa 8:13 ta ce ta wurin Ruhu mu riƙa kashe ayyukan jiki. John Owen, wani malamin Ingila, ya gina littafi guda a kan wannan aya a 1656, daga wa'azin da ya yi wa ɗaliban Oxford. Abin da na riƙe daga gare shi shi ne, da yawanmu ba zunubin muke ƙi ba, damuwar da yake jawo mana muke ƙi, shi ya sa da hankali ya kwanta sai mu ajiye makami. Fushinka da hassadarka ni a ganina uwarsu ɗaya: kana so a girmama ka. A ikilisiya ba a ba ka kujera ba, ka haɗiye. A gida aka taɓa mabuɗinka, ka amayar. Can za ka kai yaƙin, tun da safe, tun kafin zafin ya taso, domin in ya kai maƙogwaro an makara.

Ɗalibin Kalma

Baba Malam, da girmamawa, ina da ja a kan Romawa 7.

Mutumin da ke magana a 7:14 ya ce an sayar da shi bawa ga zunubi. A sura ta 6 kuwa Bulus ya faɗa a aya 18, ya maimaita a aya 22, cewa an 'yanta mu daga zunubi. Ta yaya mutum ɗaya zai zama 'yantacce a sura ta 6, sayayyen bawa a ta 7? Sannan daga aya 14 zuwa 25 ba a ambaci Ruhu Mai Tsarki ko sau ɗaya ba, alhali a sura ta 8 an ambace shi kusan sau 20. Ni a fahimtata, wannan mutum ne mai ƙaunar Shari'ar Allah, yana ƙoƙarin cika ta da ƙarfin kansa. Ba kuma sabon ra'ayi ba ne. Malaman farko masu rubutu da Helenanci, irin su Yohanna Kirisostom, can suka karkata, a 1929 kuma wani masani Bajamushe, Kümmel, ya sake kafa shi da ƙarfi, masana da yawa suka bi shi. Na san ɗaya ɓangaren ma suna da hujja, musamman aya 22, inda yake jin daɗin Shari'a a can cikin zuciyarsa.

Ba don nuna karatu na kawo wannan ba. Na gaji ne da jin "ai ko Bulus ma ya yi fama" daga bakin mutanen da ba fama suke yi ba, sallamawa suka yi. Sura ta 7 ta zama mafakar duk wanda ba ya son canzawa, su haddace ta, ta 8 kuwa aya ta farko kawai suka sani.

Yaya Mai Neman Sani, ban ce ba ka da ceto ba. Galatiyawa 5:17 ta ishe ni in yarda da Baba cewa mai bi yana yaƙi. John Wesley ma, wani mai wa'azi na Ingila da ya nace cewa Allah na iya cika zuciya da ƙauna tun a wannan rai, a 1763 ya rubuta wa'azi yana cewa zunubi yana saura a cikin mai bi, sai dai ba ya mulki. Abin da nake cewa shi ne, mai yiwuwa kana ganin kanka a sura ta 7 ne domin da makamin sura ta 7 kake yaƙi. Dubi abin da ka lissafa: kuka, azumi, alkawari. Duka ukun kai ne mai yi. Alkawarin ba-zan-ƙara-ba wata shari'a ce ka kafa wa kanka, shari'a kuwa laifi take nunawa, ba ta ba da ƙarfi. Bayan ka faɗi, sai ka yi nesa da Allah har sai ka ga ka biya da azumi, sannan ka dawo. A lokacin nan ne kuwa ya kamata ka ruga wurinsa, da dattinka.

Kuma canji na yiwuwa, kada kowa ya ce maka haka za ka mutu. Yohannan nan mai yawan maganar ƙauna, shi da ɗan'uwansa Yesu ya laƙaba wa 'ya'yan tsawa, su ne suka nemi a kira wuta daga sama ta cinye wani ƙauyen Samariyawa. Wanda ya cire maka giya bai gaji ba.

Zancen koyarwa kuwa, ba mu ne za mu yanke ba, kai ma ba kai ba ne. Titus 1:7 ta ce shugaba kada ya zama mai saurin fushi, Yakubu 3:1 ta ce masu koyarwa za a fi tsananta musu shari'a. Waɗanda suka ba ka ajin nan sun ba ka ne bisa abin da suka sani. Ka sanar da su sauran, su yanke.

Mama Mai Jikoki

Ɗana, ni ban yi makarantar tauhidi ba, malamai sun yi nasu. Tambaya ce da ni.

Na karanta rubutunka daga farko har ƙarshe. Ka yi kuka gaban Allah, ka yi wa Allah alkawari, ka tambaye mu ko kana da ceto. Ban ga inda ka zauna gaban matarka ka ce na yi miki laifi, ki yafe mini ba. Ita aka zaga, ita aka zagar wa iyaye, amma duk labarin ya zama naka da Allah. Yesu ya ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Matarka ma 'yar'uwarka ce cikin Ubangiji. Bitrus kuwa ya gargaɗi maza su girmama matansu don kada addu'arsu ta toshe. Kana mamakin kasa addu'a?

Sai ta biyu. Shugabanka a wurin aiki ya taɓa ɓata maka rai? Na san ya taɓa. Ka tono masa laifin iyayensa? Fasto fa? To ashe kana iya riƙe bakin nan, zaɓen wanda za ka sakar wa shi kake yi: wadda ba za ta kore ka daga aiki ba, wadda ba za ta tona maka asiri ba. Ba don in kunyata ka na faɗa ba. In ka duba da kyau albishir ne, domin abin da kake iya riƙewa a ofis ba ɗauri ba ne.

Na zauna da irinka, shi ya sa nake magana haka. Maigidana, wanda ya riga mu tafiya wurin Ubangiji, mutumin kirki ne a waje, dattijo ne ma. A gida kuwa mun sha wuya. An yi masa addu'a iri-iri. Abin da ya fara juya shi shi ne ranar da ya tara 'ya'yanmu ya kira laifinsa da sunansa. Bai ce "in na ɓata muku rai" ba, bai ce "amma ku ma" ba. Ya ce, abin da na faɗa wa mamarku zunubi ne, ba haka Yesu yake ba, kada ku koya. Sannan ya kira wani amininsa ya gaya masa komai a gabana, ya ba ni izini duk ranar da abin ya tashi in kira aminin, ko da tsakar dare ne. Kunyar wannan kiran ta yi aikin da azumi bai yi ba. Muka kuma yi yarjejeniya, in na ce masa fita ka sha iska, zai fita ba gardama, a dawo kan maganar in ya huce.

Ba zan ce maka ya warke sarai ba. Har ya tsufa yakan zame. Amma abin da a da yake cin kwanaki sai ya koma na ɗan lokaci, neman gafarar kuma ba ya kwana. Jikokinsa ba su san mutumin da 'ya'yansa suka sani ba. 'Ya'yan kuwa, babban bai taɓa sakin jiki da shi ba har ya rasu. Wannan ma ka sani. Allah yana yafewa nan take, zuciyar yaro ba haka take ba, don haka kada ka ɓata lokaci.

Kana samun barci kuwa? Akwai bashi a kanka? Ka je a auna jininka. Ba hujja ba ce, amma da Iliya ya ce gara ya mutu, Allah bai fara da wa'azi ba. Barci ya bar shi ya yi, ya ciyar da shi, sannan suka yi magana.

Mai Neman Sani

Na gode muku duka. Na ɗan jima ban amsa ba don maganar Mama ta hana ni sakat.

Sojan Addu'a, ka canka, haka mahaifina yake. Amma ina ganin ba a jini na ɗauka ba, da kunne na koya, kamar yadda ɗana ke koya yanzu. Addu'arka dai kada ka fasa.

Mama, na yi magana da ita. Na yi ƙoƙari kada in sa "amma". Ta saurara har na gama, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Abin da ta faɗa ban taɓa tsammani ba. Ta ce ranar faɗan ba ita ta fi yi mata wuya ba, kwanakin da ke biyo baya ne, lokacin da nake azumi da tuba. Wai sai in rufe kaina a ɗaki, fuska a murtuke, ba mai iya yi mini magana, yara suna sanɗa a cikin gidan ubansu. Ita da aka zaga ita ce kuma za ta koma lallashi, tana ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko ina bukatar wani abu. Ta ce, "Kai da Allahnka kukan shirya, ni ba a taɓa kira na wurin sulhun ba."

Ban sami abin cewa ba. Ashe tubar tawa ma wani kaya ce a kanta.

Na nemi ganin fasto cikin makon nan. Na roƙe ta mu je tare, ta ce za ta yi tunani. Ɗalibin Kalma, zan gaya masa zancen ajin, duk abin da suka yanke na karɓa, ko da yake ina jin zuciyata tana ta lissafin abin da mutane za su ce in suka ga wani a gaban allo. Abin da Baba Malam ya faɗa ke nan.

Saura tambaya ɗaya da ba wanda ya taɓa. Ranar Lahadi mai zuwa akwai jibin Ubangiji. In ci ko in bari?

Tsohon Malami

Ɗana, 1 Korintiyawa 11:28 ba ta ce mutum ya gwada kansa ya gudu ba, cewa ta yi ya gwada kansa, sannan ya ci. Laifin Korintiyawa shi ne suna cin jibin suna wulaƙanta 'yan'uwansu marasa abin hannu, ko a jikinsu. Wanda ya tashi neman sulhu ba cikinsu yake ba. A daren da aka kafa teburin nan Yesu ya riga ya san Bitrus zai yi musunsa kafin zakara ya yi cara, ya kuwa miƙa masa. Amma tunda za ka ga fasto kafin Lahadi, ka sa wannan cikin abin da za ka tambaye shi. Kowace ikilisiya da tsarinta, shi ne kuma makiyayinka, ba mu ba.

Kada ka matsa mata ta ce ta yafe don kai ka ci jibi da kwanciyar rai. Ka ba ta lokacinta. In ta ce ba za ta wurin fasto ba, ka tafi kai kaɗai. In kuma za ka sake azumi, Matiyu 6:17 ta ce ka shafa mai ka wanke fuska, ka fito ka taya yara aikin makaranta.

Ɗalibin Kalma, maganarka a kan alkawari ta fi tawa kyau, na karɓa. A kan Romawa 7:14 kuwa ban sallama ba tukuna. Ka duba aya 25: me ya sa bayan ya yi godiya ga Allah ta wurin Yesu Almasihu, ya sake komawa yana cewa da jikinsa yana bauta wa ka'idar zunubi? Ka buɗe mana wani maudu'i daban mu fafata a can, kada mu cinye wa ɗan'uwanmu wuri.